Jagoran Shirya Muhawarar Gasa a Kan Lafiya da Ɗa'ar Aikin Likita

A wata gasar muhawara tsakanin makarantun sakandare da na zauna a teburin alƙalai, ƙudirin da aka bayar shi ne gwamnati ta wajabta gwajin jini kafin aure. Wata ɗaliba daga ɓangaren goyon baya ta miƙe ta ba da labarin ƙaninta mai ciwon sikila, yadda yake kwana yana murƙususu idan ciwon ƙashi ya taso masa lokacin hunturu, da yadda mahaifiyarsu take raya dare tana gasa masa ƙafafu da ruwan ɗumi. Ɗakin ya yi tsit, kuma babu wanda bai tausaya mata ba. Duk da haka ƙungiyarta ba ta yi nasara ba, abin da ya dame ni ƙwarai, domin ta tabbatar mana da cewa sikila ciwo ne mai tsanani, wanda kuwa abokan karawarta ba su taɓa musantawa ba, amma ba ta nuna mana yadda dokar za ta rage haihuwar masu ciwon ba, ba ta kuma amsa tambayar da aka yi mata game da 'yancin mutum na zaɓen abokin zama ba.

A muhawarar lafiya kowane ɓangare alheri yake karewa. Wannan yana kare rai, wancan yana kare 'yanci ko sirri ko adalcin rabo, kuma nasara tana wurin wanda ya iya ɗora alheran biyu a kan sikeli a gaban alƙalai, ya nuna dalilin da nasa ya rinjaya. Matakan da ke tafe duk a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: Ku san tsarin gasar

Tsari biyu ne suka fi yaɗuwa. Na jami'o'i shi ne wanda aka kwaikwayo daga majalisar dokokin Birtaniya, kuma da shi ake gasar jami'o'in duniya da ta jami'o'in Afirka. Ƙungiyoyi huɗu ne a ɗaki ɗaya, kowace da mutum biyu, biyu suna goyon baya biyu suna adawa. Ana sanar da ƙudiri minti 15 kacal kafin a fara, kowa yana magana na minti 7, kuma abokan hamayya suna iya miƙewa su nemi yin gajeriyar tambaya a tsakiyar jawabi, ban da minti na farko da na ƙarshe. Na makarantun sakandare kuwa ƙungiya biyu ce, masu magana uku a kowane ɓangare, jawabin minti 8, sai jawabin rufewa na minti 4. A wannan tsari ana raba maki kashi 40 ga abin da aka faɗa, kashi 40 ga salon faɗarsa, kashi 20 ga dabarar tsara shi. Gasannin cikin gida sukan sauya lokaci da adadin masu magana, saboda haka ku nemi takardar dokokin gasar tun kafin ranar, ku yi atisaye da agogo a hannu.

Mataki na biyu: Ku fayyace ƙudirin kafin ku fara neman hujja

Yawancin muhawarorin lafiya da na ga sun lalace, tun a nan suka lalace. Ɗauki ƙudirin wajabta gwajin jinotaif kafin aure, wato gwajin da ke nuna ko mutum AA ne (ba ya ɗauke da sikila), ko AS (yana ɗauke da ita a jininsa amma ba ya ciwon), ko SS (mai ciwon sikila). Kalmar wajabtawa tana iya nufin abubuwa biyu masu nisa da juna. Tana iya nufin ba za a ɗaura aure ba sai an nuna shaidar an yi gwajin kuma an bayyana wa masoyan sakamakonsa, daga nan zaɓi ya rage nasu. Tana kuma iya nufin idan duka biyun AS ne, doka ta haramta auren gaba ɗaya. Ƙasar Saudiyya ta wajabta irin wannan gwaji tun 2004 a kan tsarin farko: gwaji dole ne, amma masu niyyar aure suna iya ci gaba da aurensu bayan an yi musu bayani. A Jihar Kano ma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a 2024 kan dokar da ta wajabta gwajin jinotaif da na ƙanjamau da ciwon hanta kafin a ɗaura aure.

Mai magana na farko a ɓangaren goyon baya shi ke da alhakin zaɓen fassara, kuma wajibi ne ya amsa waɗannan tambayoyi cikin minti ɗaya ko biyu na farkon jawabinsa: wa zai biya kuɗin gwajin, a wane asibiti za a yi shi, wa zai ga sakamakon, wa za a hukunta idan aka ɗaura aure ba tare da shi ba, ango ne ko waliyyi ko limamin da ya ɗaura? Shawarata ga masu goyon baya ita ce su ɗauki tsarin da ya wajabta sani ba tare da hana aure ba, su sa gwajin ya zama kyauta, su kuma killace sakamakon tsakanin masoyan da ma'aikacin lafiya. Da yin haka sun toshe rabin ƙofofin da masu adawa za su shigo musu. Amma kada su sassauta ƙudirin har ya zama babu abin jayayya a cikinsa, domin alƙalai sukan rage makin wanda ya guje wa nauyin da ƙudiri ya ɗora masa.

Masu adawa kuma su tuna cewa ba a ce su kare zaman hannu rabbana ba. Suna da damar cewa sun amince da gwaji na ganin dama, da wayar da kai a masallatai da majami'u da makarantu, da gwada jarirai tun daga haihuwa, su ce tilastawar kaɗai suke ƙi. Ta haka muhawarar za ta koma kan tambaya ɗaya: me tilas ke ƙarawa wanda lallashi ba zai samar ba, kuma da wane farashi?

Mataki na uku: Ku gano ƙa'idojin da suke karo da juna

A 1979 wasu malamai biyu na Amurka, Tom Beauchamp da James Childress, suka tsara ƙa'idoji huɗu da ake koyarwa a makarantun likitanci har yau: mutunta zaɓin majinyaci, yi masa abin da zai amfane shi, kauce wa cutar da shi, da adalci wajen rabon kulawa. Duk ƙudirin lafiya da aka ba ku, ku tambayi kanku waɗanne biyu ne daga cikin huɗun nan suke ja-in-ja. A tilasta rigakafi, zaɓin mutum ne yake karo da kare jama'a. A halasta sayar da ƙoda, zaɓin mai sayarwa da ceton mai jiran dashe suna karo da tsoron a mayar da jikin talaka haja. A ƙudirin hana sababbin likitoci fita waje har sai sun yi wa ƙasa aiki na shekara biyar, irin wanda ɗan Majalisar Wakilai Ganiyu Johnson ya gabatar a 2023, 'yancin likita ne yake karo da haƙƙin al'ummar da ta tallafa wa karatunsa.

Akwai shari'o'i biyu na Kotun Ƙolin Najeriya da ya kamata kowane mai muhawara ya riƙe su da ka, domin sun nuna yadda ake jan iyaka. A shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001, wata baliga mabiyar Shaidun Jehobah ta ƙi a yi mata ƙarin jini saboda aƙidarta, likitan ya mutunta zaɓinta, ta rasu, kuma kotu ta wanke shi bisa cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da hakan zai kai shi ga mutuwa. A shari'ar Esabunor ta 2019 kuwa, uwa ce ta ƙi a ƙara wa jaririnta jini saboda aƙida iri ɗaya, amma kotu ta goyi bayan ƙarin jinin da aka yi don ceton yaron. Magani ɗaya ne, aƙida ɗaya ce, hukunci ya bambanta, saboda a ta farko mai zaɓin shi ne mai ɗaukar sakamakon, a ta biyu kuwa wani ne dabam wanda ba ya iya magana da bakinsa. Wanda ya fahimci wannan bambanci zai iya amfani da shi a ƙudirin gwajin aure: masu goyon baya za su ce yaron da za a haifa shi ne mai shan wahalar kuma ba a shawarce shi ba, masu adawa kuma za su ce a lokacin ɗaurin aure babu yaro tukuna, akwai dai baligai biyu da doka take neman shiga tsakaninsu.

Ɗalibanmu da dama suna da wata taska da ba su cika amfani da ita ba, wato ƙa'idojin fiƙihu. Ƙa'idar nan ta babu cuta babu cutarwa, da ta cewa larura tana halasta abin da aka hana, da ta ɗaukar ƙaramar ɓarna don kauce wa babba, duk hanyoyin auna al'amura ne da malamai suka daɗe suna aiki da su. Hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ɓarke ko fita daga cikinsa yana da amfani ƙwarai a muhawarar killace masu cuta. Sharaɗin kawai shi ne ku bayyana hikimar da ke cikin ƙa'idar yadda alƙalin da ba Musulmi ba zai gamsu, domin a gasa ambaton nassi kaɗai ba ya rufe magana, kuma ba daidai ba ne a sa abokin karawa ya zama kamar yana jayayya da addini alhali aikin da aka ba shi yake yi.

Mataki na huɗu: Ku gina hujja har ta tsaya da ƙafafunta

Cikakkiyar hujja tana faɗin abin da zai faru, ta bayyana hanyar da zai bi ya faru daki-daki, sannan ta nuna wa abin zai shafa da girman tasirinsa. Ɓangaren tsakiyar nan shi ne aka fi tsallakewa. Mai goyon baya da ya ƙware zai ce: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS ba tare da wata alama a jikinsa ba, don haka ba shi da dalilin zuwa gwaji da kansa, masoya sukan ji nauyin neman juna su yi gwaji saboda kada a ce ana zargi, idan doka ta wajabta wa kowa, wannan nauyin ya kau, kuma da zarar mutane sun san gwajin yana nan tafe, za su riƙa yin sa tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da rabuwa ba ta yi zafi ba. Kun ga kowace gaɓa tana riƙe da ta gabanta.

Mai adawa da ya ƙware shi ma hanya zai nuna. Zai ce aure da yawa a karkara ana ɗaura shi ne a ƙofar gida ko a masallacin unguwa, nesa da ɗakin gwajin da za a amince da shi. Inda aka wajabta takarda kuma aka wahalar da samunta, kasuwar takardun bogi takan buɗe. Takardar bogi ta fi rashin takarda haɗari domin tana ba da kwanciyar hankalin ƙarya. Kuma idan sirri ya fita, mace mai AS ko SS ce ta fi namiji fuskantar ƙyama a wajen neman aure.

A nan ne tarihin Kano yake da nauyi, kuma ina roƙon ku riƙe shi daidai. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano. Yara 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, biyar daga cikin waɗanda aka ba sabon maganin, shida daga cikin waɗanda aka ba maganin da aka kwatanta shi da shi. Iyalai sun yi ƙarar cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa, kuma abin da ya faru a 1996 yana cikin abubuwan da suka sa jita-jitar ta samu karɓuwa. Cutar shan inna ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. An dawo da rigakafin a Kano a 2004 bayan an sake gwada maganin rigakafin an kuma samo shi daga Indunusiya, sarakuna da malamai suka shiga aikin, har a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Masu adawa da tilas za su ce wannan ya nuna amana ce ta ci nasara ba ƙarfi ba. Masu goyon baya za su ce ya nuna yadda ƙin wasu yake nakasa 'ya'yan waɗansu. Misali ɗaya ne, kuma wanda ya fi bayyana abin da yake koyarwa shi zai mallake shi.

Mataki na biyar: Ku yi hattara da alƙaluma

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin ɗari na zama SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Sau da yawa na ji ɗalibi ya ce idan suka haifi huɗu, ɗaya ne zai zama mai sikila. Wannan kuskure ne, domin kowane ciki lissafinsa dabam: suna iya haifar huɗu babu mai ciwon, suna iya haifar uku a jere duk masu shi. Alƙalin da ya karanci kimiyya zai lura, kuma daga nan zai fara shakkar sauran maganarku.

Haka nan idan aka ce wani magani yana ninka haɗari, ku tambaya daga nawa zuwa nawa, domin daga mutum ɗaya cikin dubu goma zuwa biyu ma ninki ne. Ku bambance abin da ya faru bayan shan magani da abin da maganin ya haddasa. Kada ku taɓa ƙirƙiro adadi ku jingina shi ga Hukumar Lafiya ta Duniya. Adadi biyu ko uku da kuka tabbatar sun wadatar, misali alkawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2001 na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, ko buƙatar a yi wa kusan kashi 95 cikin ɗari na yara rigakafin ƙyanda kafin a iya tsayar da yaɗuwarta.

Mataki na shida: Martani da aunawa

Yayin da abokin karawa yake magana, ku raba takarda gida biyu, ku rubuta hujjarsa a hagu, amsarku a dama. Ku nufi hujjarsa mafi ƙarfi, ba tuntuɓen harshensa ba. Martani yana iya nuna cewa abin da ya faɗa ba zai faru ba, ko zai faru amma bai kai yadda ya zuzuta ba, ko kuma tsarinsa ne ma zai fi haddasa shi. Akwai wata dabara da nake son ganin ɗalibai suna yi: ku ce ko da an yarda da duk abin da suka faɗa, ga dalilin da har yanzu muka fi su. Wannan yana nuna wa alƙali cewa kun saurara, kuma ba ku tsoron hujjar.

Daga nan sai aunawa, wadda ita ce aikin mai magana na ƙarshe. Ma'aunan da suka fi amfani a harkar lafiya su ne yawan mutanen da abin ya shafa, da tsananin cutarwar, da ko ana iya gyara ta bayan ta auku, da ko wanda ta faɗa wa ya yarda da ita, da kuma ko shi ne mafi rauni a cikin al'umma. Mai goyon bayan gwajin aure zai ce ɓacin ran fasa aure yana warkewa, amma sikila takan raka mutum tsawon rayuwarsa. Mai adawa zai ce tasa cutarwar tabbas ce kuma za ta faɗa wa duk wanda ba shi da halin gwaji, alhali amfanin da ake hange ya dogara ne ga dokar da ba a nuna za a iya aiwatarwa ba. Idan ba ku yi wannan aunawa ba, kun bar alƙali ya yi ta da kansa, kuma ba lallai ya yi ta yadda kuke so ba.

Tambayar tsakiyar jawabi kuwa ta zama gajera, kada ta wuce daƙiƙa 15. Ku karɓi ɗaya ko biyu, a lokacin da kuka kammala wata gaɓa, ba a tsakiyar jimla ba.

Mataki na bakwai: Harshe da ladabi

Ku ɗauka cewa a cikin masu sauraro akwai mai sikila, akwai mai ɗauke da ƙanjamau, akwai wadda ta rasa ɗa. Ku ce mai fama da ciwon sikila, kada ku kira shi nauyi ga iyali ko asara ga ƙasa. Kada hujjarku ta zama tana nufin da ba a haife shi ba ya fi, domin manufar gwaji ita ce mutane su yi zaɓi da sani, ba rage darajar waɗanda suke raye ba. Idan za ku kawo labarin wani na kusa da ku, ku nemi izininsa, ku sakaya sunansa, kuma ku ɗaura labarin a kan hujja nan take, yadda zai zama shaida ga wata gaɓa da kuka riga kuka kafa. Wannan shi ne abin da ɗalibar nan da na ambata a farko ta rasa: da ta ce iyayenta ba su taɓa jin labarin gwajin ba sai bayan haihuwar ƙaninta, kuma doka ce kaɗai za ta kai shi ga irinsu, da labarin ya zama hujja.

Mataki na takwas: Atisaye

Ku buɗe littafi guda na musamman, kowane shafi da batunsa: rigakafi, dashen gaɓoɓi, gwajin magani a kan mutane, sirrin majinyaci, yajin aikin likitoci, inshorar lafiya, maganin gargajiya. A kowane shafi ku rubuta ƙa'idojin da ke karo, da misali ɗaya na gida da ɗaya na waje, da adadin da kuka tabbatar. A shafin gwajin magani, alal misali, za ku sa ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964, waɗanda suka shimfiɗa sharuɗɗan yin gwaji a kan ɗan Adam, da binciken Tuskegee a Amurka inda aka bar baƙaƙen fata masu tunjere ba magani daga 1932 zuwa 1972. A shafin dashen ƙoda za ku sa Iran, wadda ta halasta biyan mai bayar da ƙoda, da Ingila, wadda tun 2020 take ɗaukar baligi a matsayin ya amince a yi amfani da gaɓoɓinsa bayan mutuwa sai dai in ya bayyana ƙinsa. A shafin kulawar gaggawa za ku sa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da ta hana asibiti korar mai buƙatar taimakon gaggawa, da dokar 2017 da ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Sau ɗaya a mako ku zaɓi ƙudiri daga littafin, ku yi ƙuri'a don sanin ɓangaren da kowa zai tsaya, ku ba kanku minti 15, ku yi muhawarar kuna naɗar murya a waya. Washegari ku sauya ɓangare ku maimaita ƙudirin, kowa ya kare abin da ya soka jiya. Idan akwai likita ko ma'aikaciyar jinya ko ungozoma a unguwarku, ku roƙe ta ta saurari abin da kuka naɗa, ta nuna muku wuraren da kuka faɗi abin da ba haka yake faruwa a asibiti ba, ku gyara shafin kafin zama na gaba.